Jirgin sama ba mota ba ne: inda masu ƙera jirgi a gida ke kuskure wajen zaɓen fenti

Idan ka taɓa kallon hotunan taron jiragen sama da ake yi duk shekara a garin Oshkosh na jihar Wisconsin a Amurka, wataƙila ka lura da wani abu. Jiragen da aka ƙera da gorar ruwa, wato alminiyam, kowanne da irin launinsa: ja, baƙi, shuɗi, ruwan ƙwai. Amma da ka iso layin jiragen da aka yi da zaren gilashi da gam, sai ka ga kusan duk farare ne fat, kamar an haɗa baki. To ba haɗa baki aka yi ba, kuma ba rashin son ado ba ne. Akwai dalili, kuma dalilin ya shafi rai.

A ƙasashe irin su Amurka, doka ta yarda mutum ya ƙera ƙaramin jirgi a garejinsa, ya yi masa rajista, ya tashi da shi, muddin shi ya yi mafi yawan aikin da hannunsa. Ƙungiyarsu ta EAA, wadda Paul Poberezny ya kafa a 1953, ita ke shirya wancan taro na Oshkosh. Mutum kan shafe shekara biyar, wani har goma, yana wannan aiki. Idan ya zo ƙarshe, sai tambayar fenti ta taso, kuma a nan ne zai yi ta jin shawara iri biyu. Ta farko: "Fenti ai ado ne, nemi fentin mota mai kyau ka fesa, ka huta." Ta biyu: "Fari kawai, kada ma ka yi tambaya." Ni a ganina ta farko tana da haɗari, ta biyu kuma gaskiya ce da aka yanke mata rabi. Bari mu bi su a hankali.

Da me aka yi jirgin tukuna?

A 1975 wani injiniya mai suna Burt Rutan, da ke aiki a Mojave cikin hamadar Kalifoniya, ya fito da wani ƙaramin jirgi mai suna VariEze, sannan a 1979 ya biyo shi da Long-EZ. Abin da ya ja hankalin mutane shi ne yadda ake ƙera su. Ba ka buƙatar injin lanƙwasa ƙarfe. Za ka yanka busasshen soson roba da waya mai zafi har ya ɗauki siffar fiffike, ka shimfiɗa masa ƙyallen zaren gilashi, ka jiƙa shi da wani gam da ake kira efoksi, ka bar shi ya bushe a zafin ɗaki. Shi kenan, fiffike ya samu.

Ƙarfin wannan fiffike yana cikin zaren. Amma zare shi kaɗai ba ya iya tokare komai, kamar yadda ba ka iya tura kaya da igiya. Gam ɗin ne ke riƙe kowane sili a wurinsa, ya hana shi lanƙwashewa idan aka danne shi. Saman fiffike kuwa, lokacin da jirgi ke sama, a danne yake. Saboda haka duk abin da ya taɓa lafiyar gam, ya taɓa lafiyar fiffike. Riƙe wannan, domin a kansa duk sauran bayanin ya tsaya.

Launi: maganar zafi ce, ba ta ado ba

Efoksi ba ya narkewa kamar kyandir, amma yana da wani mataki na zafi da idan ya kai, sai ya tashi daga tauri irin na gilashi ya koma laushi irin na roba. Masana na kiran wannan mataki Tg. Gam ɗin da ya bushe a zafin ɗaki kawai, yawanci Tg ɗinsa bai wuce digiri 50 zuwa 60 a ma'aunin Salshiyas ba. Danshi kuma, idan gam ya sha shi a hankali cikin shekaru, yana ƙara sauko da wannan lamba.

Yanzu dubi rana. Da tsakar rana, sararin sama garau, kowace murabba'in mita tana samun kusan wat 1000 na hasken rana. Farin fenti mai kyau yana shan kamar kashi ɗaya cikin huɗu, ya mayar da saura. Baƙin fenti yana shan fiye da kashi 90 cikin ɗari. Wato kusan ninki huɗu. Duk wanda ya taɓa ɗora hannu a kan baƙar mota da farar mota a rana ɗaya ya san bambancin ba sai an gaya masa ba. Amma ga abin da mai ba da shawarar fentin mota ya manta: ƙarfen mota yana watsa zafi zuwa ko'ina cikin jikinta, kuma ko ya kai digiri 90 bai ji komai ba. Fatar fiffiken zaren gilashi kuwa siririya ce, kuma ƙarƙashinta soso ne mai tare zafi. Zafin ba shi da wurin gudu. A ranar da iska ta kai digiri 40, farin fiffike na iya tsayawa a hamsin da wani abu, baƙi kuwa ya haura 90. Ɗaya yana bakin iyaka, ɗaya ya tsallake ta da nisa. Shi kansa soson folistarin da ke ciki ba ya jure irin wannan zafi, sai ya fara motsewa ya rabu da fata.

Za ka ce, to ai ko farin ma yana bakin iyakar. Haka ne. Abu biyu ke ceton sa. Na farko, efoksi yana ci gaba da nuna idan ya sha zafi a hankali, sai Tg ɗinsa ya ɗan ƙara sama. Na biyu, da jirgi ya fara gudu iska ke sanyaya fatar. Haɗarin yana ga jirgin da ya yini a rana a filin ajiya, aka shiga aka tashi da shi nan take, ko fiffiken da ya yi laushi ya ɗan sunkuya da nauyin kansa, ya huce a haka, ya zauna a karkace har abada.

Wannan ba tsoron masu gareji ba ne kawai. Jamusawa, waɗanda suka fara ƙera jirgi mara inji da zaren gilashi a 1957, wato Phönix na ɗaliban Stuttgart, sun daɗe suna gwada ƙarfin fukafukan irin waɗannan jirage a digiri 54, a kan lissafin cewa farare ne. Jirgin koyon tuƙi na Diamond DA20, wanda kamfani ne ya ƙera shi ba mutum a gida ba, yana da wata alama a jikinsa da ke nuna idan zafin gangar jikin ya haura digiri 55, kuma idan ta nuna, ba a tashi sai ya huce. Idan kamfani mai injiniyoyi da ɗakin gwaji ya ɗauki abin da muhimmanci haka, mutumin da ya dama gam ɗinsa da cokali a kofin roba ba shi da hujjar yin wasa da shi.

Amma "fari kawai" ma ba ita ce dukkan gaskiya ba

A nan zan juyo kan ɓangare na biyu. Dokar fari ta fito ne daga wani irin gam da wata irin hanyar busar da shi. Ba aya ce da ta hau kan kowane jirgi ba. Jiragen Lancair, alal misali, manyan sassansu daga masana'anta suke zuwa, an riga an gasa su a tanda a wajen digiri 120, don haka suna jure zafin da Long-EZ ba zai jure ba. Mai ƙera jirgi a gida ma yana iya gasa sassansa bayan sun bushe, a hankali, bisa jadawalin da mai gam ya rubuta, ya ɗaga Tg zuwa 80 ko fiye idan gam ɗin irin mai kaiwa can ne, idan kuma soson da ke ciki zai jure.

Sannan idonka ba ma'aunin zafi ba ne. Kusan rabin ƙarfin hasken rana yana zuwa ne a wani sashe da ido ba ya gani, wanda ake kira infirared. Fenti biyu na iya zama launi ɗaya a ido, amma ɗaya yana mayar da wannan haske, ɗaya yana shanye shi. Yanzu akwai sinadaran launi da aka ƙirƙira musamman don mayar da shi. Haka kuma launin azurfa, wanda mutane ke ɗauka ɗan'uwan fari ne, sau da yawa ya fi fari ɗaukar zafi sosai.

Laifin "fari kawai" shi ne tana ba mutum amsa ba tare da dalili ba. Wanda bai san dalili ba, shi ne zai fesa fari a ko'ina, sannan ya ja baƙin layi mai faɗi a saman fiffike, daidai kan ƙashin bayan fiffiken da ke ɗauke da nauyin jirgi duka, yana ganin ai ya bi doka. Tambayar da ta dace ba "wane launi aka yarda da shi?" ba ce. Tambayar ita ce: gam ɗina a wane zafi yake laushi, kuma wannan fenti zuwa wane zafi zai kai shi a garin da zan ajiye jirgin? Amsar mutumin Alaska da ta mutumin Arizona ba za su zo ɗaya ba. A jiragen da hukuma ke tantancewa, an saba barin tazarar kusan digiri 28 tsakanin Tg na gam mai danshi da zafi mafi girma da jirgi zai yi aiki a ciki. Idan ba ka da lambobin da za ka yi wannan lissafi, to koma ga fari, kuma kada ka saɓa wa abin da mai zanen jirgin ya rubuta. Amma ka koma kana sane da dalili.

Fenti hawa-hawa ne, ba gwangwani ɗaya ba

Kuskure na gaba shi ne ɗaukar fenti a matsayin abin da ake gani a sama. A gaskiya hawa uku ne ko huɗu, kuma na saman shi ne mafi ƙarancin ba da matsala.

Da farko akwai fila, mai cike saƙar ƙyallen. Masu wannan aiki kan dama ƙananan ƙwallayen gilashi masu rami a ciki, masu kama da gari, da efoksi, saboda ba su da nauyi. Filar da masu gyaran jikin mota ke amfani da ita kuwa ta foliyesta ce: tana da nauyi, tana motsewa bayan watanni, ba ta kama efoksi da kyau, kuma sinadarin da ke cikinta yana narkar da soson folistarin idan ya same shi. Haka tina mai ƙarfi: ta sami ɗan huji kamar bakin allura ta zurara ciki, sai ta ci soson ta bar rami a ƙarƙashin fata, wurin da ido ba ya gani.

Sai fentin ƙasa. Aikinsa ba kama na sama ba ne kawai. Hasken rana yana da wani sashe, UV, da ke cin efoksi kamar yadda ka ga kujerar roba da aka bari a tsakar gida tana yin fari-fari tana ɓarewa. Tsare-tsaren Rutan sun nemi a sa fentin ƙasa mai ɗauke da baƙin garin gawayi don ya tare wannan haske, sannan a rufe shi da fari. Ka ga abin mamaki: baƙi a ciki don tare UV, fari a waje don korar zafi. Wanda ya ce zai bar saƙar zarensa a fili ya shafa mata fenti mai kamar gilashi saboda tana da kyau, sai ya tabbata ya san abin da ke tare masa wannan haske.

Akwai kuma wani ɗan maiƙo da efoksi kan fitar a samansa idan ya bushe cikin danshi. Ruwa ne ke wanke shi, ba tina ba. Ka fesa fenti a kansa, bayan shekara ka ga yana ɓawo. Mutum zai zagi kamfanin fenti, alhali ba a nan gizo ke saƙar ba.

Shi ya sa haɗa fila daga nan, fentin ƙasa daga can, na sama daga wani wuri, caca ce. Kuma caca ce mai tsada fiye da ta mai jirgin ƙarfe, domin shi yana iya zuba sinadarin cire fenti ya kankare ya sake. Kai ba ka da wannan dama: sinadarin da ke narkar da fenti yana cin gam ɗin ma. Sanfefa ce kawai mafitarka, da hannu, kuma da ka zarce ka fara cin zaren gilashi, to ba fenti kake gogewa ba, ƙarfin jirginka kake gogewa.

Ƙyalli yana da nauyi

Mu yi ɗan lissafi. Busasshen fenti mai kaurin kashi ɗaya cikin goma na milimita, a kan murabba'in mita ɗaya, ya kai kamar giram 140. Mu ƙaddara jikin ƙaramin jirgi mai kujera biyu murabba'in mita 40 ne. Wato kilo 5 da rabi da ɗoriya. Idan fila da fentin ƙasa da na sama da na ƙyalli suka taru suka ninka wannan kauri sau uku, kana maganar kusan kilo 17. Wannan nauyin man jirgi lita 23 ne, kusan tafiyar awa guda a irin waɗannan injuna. Kuma nauyi ne da za ka ɗauka a kowane tashi har ƙarshen rayuwar jirgin.

A nan nake ganin laifin al'adar baje-koli. Jirgin da ke ƙyalli kamar madubi shi ake taruwa a kai, shi ake ɗauka hoto. Babu mai tambayar kilo nawa aka biya kafin a sami wannan ƙyalli. Fentin mota mai hawa biyu, launi a ƙasa da mai sheƙi a sama, yana da amfani ga launukan da ke buƙatarsa. Amma ga jirgin da fari ne, fenti mai hawa ɗaya yana yin aikin, da ƙarancin nauyi, kuma ya fi sauƙin faci. Ko a cikin fentin foliyuritan akwai zaɓi: wani ya fi tauri da jure man jirgi da man birki amma gyaransa wuya, wani ya ɗan fi laushi amma ana iya goge shi a yi masa faci ba a gane ba. Ga mutumin da yake fesa fenti karo na farko a rayuwarsa, na biyun ya fi yi masa adalci, domin zai yi kuskure, babu makawa.

Sai dai nauyin da ya fi ban tsoro ba na kilo-kilo ba ne, na giram ne. Leɓɓan da matuƙi ke motsawa a bayan fiffike don juya jirgi ana daidaita nauyinsu a kan hinjinsu, har a sa musu darma ta gaba. Mafi yawan faɗinsu kuwa yana bayan hinji, don haka duk fentin da ka ƙara, baya yake ƙara wa nauyi. Idan ma'aunin ya ɓaci, a wani gudu sai leɓen ya fara karkarwa, iska na ƙara masa ƙarfi a kowace kaɗawa, kuma cikin daƙiƙoƙi kaɗan yana iya ɓalle fiffike. Duk wanda ya gama fenti bai cire waɗannan leɓɓa ya sake auna su ba, bai gama aiki ba.

Hatta gefen layin ado yana da tasiri. Ƙaramin fiffiken gaba na Long-EZ na asali ya shahara da sauya hali idan ruwan sama ya jiƙa shi, har a tsakiyar shekarun 1980 aka fito da sabo da John Roncz ya zana. Idan ɗigon ruwa na iya dagula yadda iska ke bin fiffike, to tudun fenti da tef ya bari kusa da gaban fiffiken ma zai iya.

Huhunka fa?

Wannan shi ne abin da masu shawarar "ka fesa da kanka, ka rage kuɗi" suka fi yin shiru a kai. Fentin foliyuritan mai haɗi biyu yana ɗauke da sinadarin aisosayanet. Yana cikin manyan abubuwan da ke jawo ciwon asma ta dalilin sana'a, kuma hukumar lafiyar ma'aikata ta Birtaniya ta daɗe tana lissafa masu fesa fentin mota cikin waɗanda abin ya fi shafa. Hanci ba ya jin warinsa sai ya riga ya wuce kima. Idan jiki ya tsane shi sau ɗaya, to ko kaɗan ka shaƙa daga baya sai ƙirji ya toshe, kuma sau da yawa ba a warkewa. Takunkumin takarda ba ya tare shi. Abin da ake so shi ne hular da ake turo mata iska mai tsabta ta tiyo daga waje. Kada kuma rubutun "ana dama shi da ruwa" ya ruɗe ka: da yawa cikin irin waɗannan fenti, ruwan haɗinsu na biyu aisosayanet ne. Karanta takardar bayanin sinadaran, ba tallar da ke jikin gwangwani ba. Garejin da ke manne da gida, da iyali a ciki, ba wurin wannan feshi ba ne.

To me ya kamata a yi?

Jera tambayoyin yadda ya dace. Me mai zanen jirgin ya ce? Wane gam na yi aiki da shi, kuma an gasa shi ko ba a gasa ba? Ina jirgin zai zauna, a rumfa ko a rana? Da wane kayan kariya zan fesa? Bayan waɗannan ne maganar launi da kamfani ke shigowa.

Sannan ka yi gwaji, don ba shi da tsada. Cikin ragowar soso da ƙyalle da gam ɗin da ka yi jirgin da su, yi 'yan faifai kamar faɗin littafi. Bi da su duk matakan da kake shirin bi, daga fila har fentin sama, kowanne da launin da ranka ke so. Saka ma'aunin zafi a ƙarƙashin fatar kowanne, ka shanya su a rana mafi zafi. Tsaga fentin da reza gida-gida, ka manna tef mai ƙarfi ka fizge, ka ga ko zai biyo. Ɗiga musu man jirgi. Bar su a waje wata uku ko shida. Mutumin da ya yi haƙurin shekara bakwai yana gini bai kamata ya kasa haƙurin wata shida ba. Da yawa ma kan fara tashin gwaji, wanda a Amurka yakan ɗauki awa 25 ko 40, da fentin ƙasa kawai, sai sun gama yanke-yanke da gyare-gyare su yi na ƙarshe. Dabara ce mai kyau, muddin fentin ƙasan mai haske ne, kuma irin wanda ba ya shan danshi da maiƙo.

Ko da ba ka da niyyar ƙera jirgi, abin ya shafe ka fiye da yadda kake zato. Kwale-kwalen zaren gilashi, tankin ruwa, fukafukan injin samar da lantarki daga iska, duk 'yan gida ɗaya ne, kuma duk rana ɗaya ke dukansu. Idan wani ya ce maka launinsu ado ne kawai, tambaye shi a wane zafi gam ɗin ke laushi. Idan bai sani ba, to shawararsa ta mota ce, ba ta jirgi ba.